Ranar da Aka Bar wa Ɗan Kurege Rumbu

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo, muna saurare.

Wata kurege ce ke da rumbun gyaɗa. Ran nan babban ɗanta Ɗanlami ya ce, "Inna, na girma, amma har yanzu sai na roƙa kafin in ɗiba?"

Ta ce, "To, rumbu ya koma hannunka. Shi ne abincinmu har kaka."

Kwana uku Ɗanlami yana ci. A na huɗu ya leƙa, ya hango ƙasan rumbu, ga shi ko shuka ba a yi ba. Gabansa ya faɗi. Ya rufe rumbun, ya zauna a kai.

Da hantsi uwar ta zo neman abin taɓawa. Ya miƙa mata ƙwaya biyu, ya ce, "Inna, ɗayar ta gobe ce."

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera.