Ɗaki Biyu a Kan Hanyar Ruwa

Ya 'yan uwa, laifin da zan yi magana a kansa yau shi ne cin haƙƙin maƙwabci da takarda a hannu. Ba irin satar da ake tsallake katanga ba ce. Mutum ne zai zo da rana tsaka, ya buɗe takarda mai hatimi, ya ɗauke abin da unguwa ta dogara da shi, ya ce doka ce ta ba shi. Ku saurara ku ji yadda ta ƙare wa wani.

An yi wani mutum a ƙasar Gwaram. Ba zan faɗi sunansa ba, yana da 'ya'ya. Sana'arsa sayen riɗi da gero a kasuwannin ƙauye yana kaiwa Kano. Allah ya rufa masa asiri, har ya je Makka ya dawo. Sai ya fara ganin sa'o'insa suna shiga sakatariya da babbar riga suna fitowa da kwangila, wannan an ba shi ginin aji, wancan an ba shi kwalbati. Zuciyarsa ta ce masa awo da ɗinkin buhu sun ishe shi haka, shi ma ɗan kwangila zai zama.

Ya je Dutse ya tambaya. Aka ce sai ya kawo rajistar kamfani, da takardar biyan haraji, da shaidar wani gini da ya taɓa yi. Biyun farko zirga-zirga ce kawai. Na ukun ne ba shi da shi, don bai taɓa ɗora bulo a kan bulo ba. Sai ya yi dabara, kuma dabarar ba haramun ba ce. Zai gina gidan haya a Birnin Kudu, inda ma'aikatan asibiti da ɗalibai kullum suke neman ɗaki. Gidan ya zama shaidarsa a ofis, haya kuma ta riƙa shigowa. Ya sayar da gonar fadama da ya gada, ya sayi fili a wata tsohuwar unguwa a gindin dutse.

To, a nan ne maganar take. Duk wanda ya san garin ya san idan aka yi ruwa, daga kan duwatsu yake gangarowa da ƙarfi. A unguwar nan akwai wani ɗan kwararo, faɗinsa bai fi taku uku ba, tsakanin filin mutumin da gidan wata tsohuwa, Inna Batulu, wadda mijinta ya rasu ya bar mata gidan ƙasa da awaki. Ta nan ruwan unguwa yake bi ya faɗa rafi. Kowane gida ya huda wuriyarsa a gindin katanga tana kallon kwararon. Kowace shekara kafin ruwan farko maza su fito da fartanya da shebur su share shi. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba. Iyaye sun tarar ana yi, suka ci gaba.

Amma da aka zo aka auna filin, kwararon ya faɗa cikin takardar mutumin.

Ya ɗauko magini, Malam Ishiyaku, dattijo ne da ya gina rabin gidajen unguwar. Ishiyaku ya ja igiya, ya ce ɗaki takwas filin zai ɗauka, da banɗaki da madafa. Mutumin ya so ya yarda. Sai wani abokinsa, Munzali, mai yi wa 'yan kwangila yawon takardu, ya ce masa, “Alhaji, ɗaki takwas ai gidan malamin firamare ne. A Dutse sai daga goma suke kiran abu aiki. Ka je musu da takwas, a ƙaramin aji za su jefa ka, ka ƙare a gyaran taga.”

Mutumin ya koma ya ce a ƙara ɗaki biyu a kan kwararon. Ishiyaku ya ce, “Alhaji, ni ba na gini a kan hanyar ruwa. Ubana ma bai yi ba.” Mutumin ya ce, “Filina ne, ga takarda.” Ishiyaku ya naɗe igiyarsa ya ce, “Na gani. Nemi wani.” Mutumin kuwa ya nemo wasu magina daga nesa, waɗanda ba su taɓa ganin damina a garin ba.

Ranar da aka fara haƙa harsashi, Inna Batulu ta fito da sandarta ta tsaya a bakin ramin. Ta ce, “Sannu da aiki, Alhaji. Na ce, shi ruwan ka yi magana da shi? Ya ce ya yarda zai canza hanya?” Leburori suka yi dariya. Ya ce, “Inna, ki koma gida, wannan maganar hukuma ce, ga hatimi.” Ta ce, “To, idan ya zo sai ka nuna masa. Wataƙila ya yi boko ban sani ba.” Ta juya ta tafi.

Mai unguwa ya kira shi. Dattawa suka roƙe shi ko bututu ya binne a ƙasa ruwa ya samu mafita. Ya ce zai yi. Ya sa wani ɗan bututu da bai fi hannun mutum kauri ba, don a ce ya sa. Ina tambayarku, ruwan da yake ɗauke akuya, ta nan zai wuce?

Gini ya tashi da rani. Aka yi masa shafe, aka buga kwano, aka yi fenti ruwan ƙwai, aka ɗauki hoto ta gaba da ta gefe. Mutumin ya kai hoton ofis a Dutse. Ku ji abin da ya faru a can, don a nan ne ya kamata mai hankali ya tsaya. Ma'aikacin ya duba takardun kamfani, ya duba na haraji, ya kalli hoton ya ga gini a tsaye, ya ajiye a fayil. Bai ƙirga ɗakunan ba. Babu wanda ya tambaye shi takwas ne ko goma. Maganar Munzali ce kawai, daga bakinsa ta fito. Bayan 'yan makonni takardar rajistar kwangila ta fito, aka sa mata gilashi aka rataye a falo, mutane suka fara ce masa ɗan kwangila.

'Yan haya suka cika gidan kafin fenti ya daina wari. Ɗakuna biyun ƙarshe wani ma'aikacin asibiti ne ya kama, Abdulmuhaimin, da matarsa Khuzaima, mai ɗinki da keke a cikin gida. Baƙi ne a garin. Ba su san a kan me suke kwana ba, kuma mai gidan bai faɗa musu ba. Wannan shi ne zunubi na biyu, ya fi na farko nauyi. Wanda ya ba ka kuɗin haya amanar ransa ya ba ka, da ta iyalinsa.

Damina ta sauka. Ruwan farko ya gangaro ya tarar da bango a gabansa, ya tsaya. Yashi da leda suka toshe bututun tun ranar. Ruwa ya koma ta wuriyoyi yana shiga gidajen mutane, ya kwanta a gindin katangar Inna Batulu, ya kwanta a gindin sabon ginin. Mutane suka kwashe da bokiti. Aka aika wa mutumin, ya ce yana Dutse.

A ruwa na huɗu bangon ɗakin Khuzaima ya fara jiƙa daga ƙasa, fenti yana kumbura yana ɓarewa. Sai tsaga ta fito daga kusurwar taga ta gangara. Abdulmuhaimin ya kira mai gidan ya nuna masa. Ya ce, “Alhaji, yatsana yana shiga. Kuma ƙofar ta daina rufuwa.” Mutumin ya ce, “Haba malam, kai da ka yi karatu? Sabon gini ne, zama yake yi. Kowane gini sai ya yi haka.”

Ya san ƙarya yake yi. A ranar ya je wurin Ishiyaku a ɓoye, Ishiyaku ya ce masa ya fitar da mutanen yau, ya rushe ɗakunan biyu da hannunsa, takwas ɗin su tsira. Amma a makon ne ake shirin ba shi kwangilarsa ta farko, ginin aji biyu a wani ƙauye wajen Yalwan Damai. Ya yi tunani, idan aka ji ɗan kwangila yana rushe gidansa tun bai shekara ba, wa zai ba shi makaranta? Sai ya aiko aka cusa siminti a tsagar, aka bi da fenti. Ya ce da kaka za a duba.

Ran wata Talata a watan Agusta aka fara ruwa tun hantsi, bai ɗauke ba har la'asar. Abdulmuhaimin yana wurin aiki. Khuzaima tana kan keke tana ɗinki. Ƙasar da ke ƙarƙashin harsashi ta riga ta zama kunu. Bangon ya kwanta ciki, rufin ya biyo shi. Da ruwa ya samu hanya sai ya taho gaba ɗaya, ya ɗauke katangar Inna Batulu da ɗakinta da turken awakinta, ya kwaɓe gindin ɗakuna uku na kusa.

Maƙwabtan da mutumin ya raina su ne suka shiga cikin ruwa suka tone bulo da hannu suka ciro Khuzaima. Tana da rai. Ƙugunta ya karye, ƙafar dama ta murƙushe. A asibitin da mijinta yake aiki aka kai ta, yana tsaye a bakin aiki aka shigo da ita. Inna Batulu ta tsira don ta je barka a wani gida. Ta dawo ta tarar da fili.

Sauran ba shi da tsawo. Aka turo injiniya, ya tona ya ga bututun, ya ga sabon siminti a cikin tsohuwar tsaga. Ishiyaku ya faɗi abin da ya sani a gaban alƙali, mai unguwa ya faɗi nasa. Mutumin ya fito da takardar fili. Alƙali ya ce ba a kan fili ake tuhumarsa ba.

Ya 'yan uwa, da yawa a cikinku kuna gini yanzu, wasu kuna bin takardar kwangila. Ba wanda ya hana. Haya halal ce, kwangila halal ce. Amma takardar hukuma iyakar ƙasa take nunawa, ba ta nuna iyakar haƙƙi. Kafin ka haƙa harsashi, tambayi tsofaffin unguwa ta ina ruwa yake bi. Idan magini mai tsoron Allah ya ce maka a'a, kada ka nemo wanda zai ce maka to. Idan ɗan haya ya nuna maka tsaga, ka tuna mutum ne yake kwana a ƙarƙashinta. Addininmu ya tsananta a kan maƙwabci, kun sha ji, ba sai na maimaita ba. Mutumin nan sau huɗu aka tsayar da shi: magini, tsohuwa, dattawan unguwa, ɗan haya. Wanne ne bai ji ba?

Ga abin da ya rasa. An soke rajistarsa, an sa sunan kamfaninsa cikin waɗanda ba za a ƙara ba aiki ba. Ginin ajin an ba wani. Ɗaki biyu sun faɗi, uku hukuma ta rushe, biyar ɗin da suka rage an sayar an gina wa Inna Batulu ɗaki an biya maganin Khuzaima, bai ma isa ba sai da motarsa ta bi. Gonar fadama tana hannun wanda ya saya, bara ma shinkafa ya noma a ciki. 'Yan kasuwar da suke ba shi riɗi a kan amana sun daina. Yana nan a Gwaram, a ɗakin zauren ƙanensa. Khuzaima kuwa da sanda take tafiya, ba ta ƙara taka keke ba, kuma wannan shari'ar ba a yi ta ba tukuna, tana gaba, a gaban Allah.

Allah ka kiyaye mu da ɗaukar haƙƙin wanda katangarsa ta jingina da tamu. Ka kiyaye mu da neman suna da rayukan mutane. Amin.