Manomin da Ya Sa Tara a kan Doya

Akwai wani manomi mai babbar gonar doya. Kowace shekara idan lokacin haƙa ya yi, yakan ɗauki 'yan ƙodago. Doya kuwa tana ƙarƙashin ƙasa, mai haƙa ba ya ganinta, saboda haka wani lokaci dagi yakan sare ta. Wadda aka sare sai a ware ta gefe, da yamma matarsa ta daka sakwara da ita, kowa ya ci.

Wata shekara manomin ya dubi tulin sararrun, ransa ya ɓaci. Ya ce wa 'yan ƙodagon, "Daga yau duk wanda ya sare doya, zan cire kuɗinta daga ladansa."

Tun daga ranar ba a ƙara kawo sararriyar doya ba. Aka gama haƙa, aka jera doya a rumbu, har da irin shukar baɗi.

Matarsa ta ce, "Maigida, abin nan yana ba ni mamaki. Dagin bana ido ya yi ne? Turmina har gizo ya yi saƙa a ciki."

Ya yi dariya ya ce, "Tsoro ne ya koya musu hankali."

Amma maganar ta tsaya masa a rai. Shi kansa tun yana saurayi yake haƙa, bai taɓa gama kunya bai sare ko ɗaya ba. To, su yaya suka yi?

Bayan 'yan makonni wari ya fara fitowa daga rumbu. Ya shiga ya ɗauko wata doya, ya ga an shafe gefenta da laka. Da ya kankare, sai ga sara, ta ruɓe ta ciki. Ya ɗauko wata, haka. Ruɓar ta kama na kusa da su, har ta kai ga irin.

Ya nemi babban 'yan ƙodagon ya tambaye shi dalili. Mutumin ya sunkuyar da kai ya ce, "Maigida, mun yi laifi. Amma ladan da ka faɗa mini da safe, shi na faɗa wa iyalina. Ban san yadda zan koma gida da rabinsa ba."

Manomin ya koma ya zauna a bakin rumbu. A shekarar, sai da ya sayi iri a kasuwa.

Ma'anar wannan misali ita ce: tara ba ta hana kuskure, ɓoye shi take koya wa mutum. Wani zai tambaya, ashe maigida ba shi da ikon cire tara daga ladan ma'aikaci? Abin da dokar ƙasa ta ce, a tambayi masananta kafin a taɓa ladan kowa. A gaban Allah kuwa, ladan da ka yi alkawari haƙƙin mai gumi ne. Ku masu ma'aikata a gona, a shago ko a gida, ku zama mutanen da ake iya zuwa a ce musu, "Na yi ɓarna."

Mu ma muna shafa wa zunubanmu laka, don muna tsammani Ubangiji irin wannan manomi ne. Ba haka yake ba. Ku kawo masa saran tun yana sabo, kafin ruɓar ta kai ga 'ya'yanku.