Igiyar Tasalla

Ga ta nan, ga ta nanku, ku bar zungurin juna haka.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

A wani tsibiri can tsakiyar teku akwai wata 'yar mesa, tsawonta bai fi kamu ɗaya ba. Ba ta da dafi, ko ɗan tsako ba ta iya haɗiyewa. In ta tsorata sai ta naɗe kamar gammo, jini ya riƙa fito mata ta ido.

Wata damina ruwa ya cinye raminta. Sai ta je gidan masunci, aka ɗauko mata sanda. Sai ta je gidan mai gishiri, aka watsa mata ruwan zafi. Sai ta je bukkar Tasalla, wata tsohuwa da ɗanta Ɗantani ya tafi ci-rani ya bar ta ita kaɗai. Tasalla ta ce ta kwanta a gindin randa, ai ita ma ba mai leƙa ta. Suka saba. Tasalla na kaɗi tana ba ta labari, mesa na sauraro.

Ana nan, sai ga Ɗantani ya dawo da magariba. To, kun san in rana ta faɗi ba a kiran maciji da sunansa, igiya ake cewa. Shi kuwa gogan ya daɗe a birni, ya manta.

Tasalla ta ce, "Akwai igiya a gindin randa. Tawa ce, kada ka taɓa."

Sai ya yi dariya, ya ɗauka rowar tsofaffi ce. Ga shi yana neman abin ɗaure kwalekwalensa. Da Tasalla ta shiga salla sai ya lallaɓa ya zura hannu. Sai ya ji abu ya motsa. Sai ya rarumi gora ya yi ta duka. Mesa ta naɗe, ba ta sare shi ba, ba ta gudu ba, don ta san nan ne gidanta.

Tasalla ta sallame ta ɗauki mesa a tafin hannu, ashe ta riga ta mutu. Ni ko yanzu in na zo nan sai zuciyata ta karye.

Ya ce, "Inna, ai igiya kika ce."

Ta ce, "Haka na ce, ɗana. Ta amince da ni, ni kuwa na ji tsoron faɗin sunanta."

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Abin da kuke so a kiyaye muku, ku faɗe shi yadda mai ji zai gane.