Gyaran da Na Yi wa Auta

Shekara bakwai na yi ba na gida. Da na dawo, na tarar an sare bishiyar ƙofar gidanmu, ɗakina ya koma ma'ajiyar tarkace, Baba ya fara dogara sanda, ƙanwata Auta kuwa ta zama budurwa har tana koyon kwamfuta. Bakina ne kawai bai canja ba. Duk wanda ya tambayi sana'ata a can, sai in ce harkar kwamfuta. Gaskiyar magana, kwalayen kwamfuta nake saukewa daga mota.

Ana saura kwana biyu jarrabawarta ta ƙarshe, Auta ta nuna mini aikinta. Za ta tsaya gaban malamai ta yi bayanin minti biyar da majigi. In ta ci, wani asibiti zai ɗauke ta aikin karɓar baƙi, muddin ta kai takardar shaida a watan. Shafi shida ne kacal, kowanne da layi uku da hoto ɗaya.

"Wannan ne karatun wata shida?" na ce. "Sai ka ce takardar magani!"

"Yaya, malama ta ce shafi taimaka wa mai magana yake yi, ba shi zai yi maganar ba."

"Malamar taku ta taɓa fita ko nan da can? Matsa."

Mama ta leƙo daga kicin. "Ke, bar yayanki ya gyara miki mana. Aikinsa ne."

Na zauna ina danna duk abin da idona ya gani. Shafi shida ya koma ashirin da biyu. Na cusa bayaninta kaf a ciki, jan rubutu a kan shuɗi, na sa kowane harafi ya shigo yana wuntsila gudi-gudi da ƙarar birki. Sannan na goge nata.

Ranar jarrabawa na tsaya bakin tagar ajin ina jiran yabo. Kan maganar kaɗai ya ci rabin minti kafin ya gama faɗowa. Wani ya tuntsire da dariya. Wani malami ya taso har jikin bango yana gyara tabarau, ya koma yana girgiza kai. Auta ta juya musu baya tana laluben rubutun. Tana shafi na huɗu aka ce lokaci ya cika.

Malamarta ta ce, "Makon jiya na ga aikinki, ba wannan ba ne. Wa ya taɓa miki?"

Auta ta dubi taga, ta sunkuyar da kai. "Ni na yi, malama."

A gida ma haka ta rufa mini asiri. "Ni ce na rikice, Mama. Aikin Yaya ba laifi." Maimakon in faɗi gaskiya, sai na sulale na fice. Sai baɗi za ta sake zaman jarrabawar, asibitin kuma ya ɗauki wata yarinya daban.

Yau kwana uku ba na iya haɗa ido da ita. Ɗazu ina cusa kaya a jaka ta shigo da rigunana a goge, ta ajiye a kan gado.

"Yaya, in ka koma ka shiga ajin kwamfuta," ta ce a hankali. "Wallahi ba wuya."

Ashe ta sani.

Mai karatu, abin da ba ka iya ba, ka ce ba ka iya ba. Kunyar faɗin haka ta minti ɗaya ce, kuma kai kaɗai za ka ji ta. Ƙaryar gwaninta kuwa ba mai yin ta take fara kayarwa ba, wanda ya yarda da shi take kayarwa.