Kan Giwan Ruwa na Tafkin Gwalam

Ku matso ku ji. Labarin nawa ne, hukuncin naku.

A wata jiha akwai wata 'yar ƙabila ta masunta a bakin tafkin Gwalam. Ba su da yawa, don haka kujera ɗaya tak gare su a majalisar dokoki, wata tsohuwar malamar firamare mai suna Rifkatu ce a kanta. Ana nan sai gwamnati ta shirya janye ruwan tafkin don noman rake. In hakan ta tabbata, masunta sai ƙaura.

Rifkatu ta kawo ƙudurin hana aikin. An yi mata tayin shugabancin kwamiti in ta yi shiru, ta ƙi. Ta miƙe a zaure, ba ta ɗaga murya ba, ta ambaci ƙauyukan da za su tashi ɗaya bayan ɗaya, ta zauna.

A dokar zauren, ƙudurin da ba wanda ya mara wa baya ya mutu ke nan, ko muhawara ba za a yi ba. Ba wanda ya tashi, kowa na duban takalminsa. Sai Arɗo Bappayo, wakilin makiyaya, ya tashi. Mutanensa da masunta abokan wasa ne tun kaka da kakanni, shi da Rifkatu ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ya dubi Kakakin majalisa ya ce, "Ranka ya daɗe, waɗannan masu ƙarnin kifin bayina ne. In an kore su, wa zan riƙa zagi ranar kasuwa? Na goyi baya." Aka bushe da dariya, dariyar kuwa ta kwance bakunan da tsoro ya ɗaure.

Da aka kaɗa ƙuri'a sai ta yi kunnen doki, ya rage ta Kakakin, Shu'aibu Makama, ɗan jam'iyya mai mulki, wanda bai taɓa ganin tafkin ba. Ya san abin da zai biyo baya, amma ya jefa wa masunta. Kafin damina ta faɗi 'yan jam'iyyarsa suka tsige shi. Ya koma gonarsa, an ce har ƙiba ya yi.

Tafki dai ya tsira, kaka ta yi albarka. Al'adar masuntan nan kuwa, kan giwan ruwan farko na shekara ana kai shi ne ga wanda ya ceci gari, kuma ba a raba shi. Ga kifi ya fito, mata sun hura wuta, dattawa sun rasa wanda za su kai wa kan.

To, ku da kuka ji, ƙofar wa za a kai kan nan?