Harafin Da Ba A Karantawa

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, tun mutum da aljan suna ƙulla alkawari baki da baki, an yi wata ƙasa can bayan duwatsu bakwai da ake kira Zarnuwa. Babban birninta yana zaune ne a tsakiyar faƙo, ba kogi ba tafki, ba abin da ke raya mutanensa da dabbobinsu sai marmaro ɗaya tak da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin wani farin dutse gabas da fada. Marmaron nan kuwa mallakar wata tsohuwar aljana ce da ake kira Uwar Marmaro. Tun ran da maginin farko ya aza tubalin birnin suka yi yarjejeniya da ita: duk bayan shekara ashirin da ɗaya za ta fito ta nemi a faɗa mata kalmar alkawari. In an faɗa, ruwa ya ci gaba da gudu. In an kasa, ta naɗe kayanta ta yi gaba. Kalmar nan ba sarki ke riƙe da ita ba, Sarkin Magina ne, daga uba sai ɗa.

Sarkin wannan zamani sunansa Jatau, mutum ne mai kwarjini da yawan shiru, kuma akwai wani abu da ya daɗe yana cin zuciyarsa wanda ba ya son a ambata. Yana yaro ya yi aboki, Barmo, ɗan gidan Sarkin Magina. Tare aka sa su makarantar allo, tare suka sha bulala, tare kuma suka ƙirƙiro wani zaurance nasu na su biyu, suna cusa harafin dal bayan kowace gaɓa, don su yi gulmar malam a gabansa bai sani ba. Da Jatau ya hau gado, Barmo ma ya gaji ubansa, sai ya ɗauki wata bakwai yana yi wa bangon zauren fada wani zane da ba a taɓa ganin irinsa ba: dagi a cikin dagi, ja da shuɗi da ruwan ƙwai, ga haruffa goma an saƙa su a cikin zanen kamar zare a wuyan riga, ba wasali ko ɗaya a kansu.

Akwai kuwa wani masanin hisabi a fadar, Malam Zangina, wanda ya iya auna kowane harafi da lambarsa. Ya duba bangon, ya buga ƙasa, ya tattara nauyin haruffan, sannan ya faɗi a gaban sarki ya ce, "Allah ya ja zamanin Zaki, wannan ba ado ba ne, sammu ne. Jimillar haruffan nan ta faɗa daidai kan kwanakin da suka rage wa sarautarka."

Aka kawo Barmo gaban fadawa. Bai yi rantsuwa ba, bai yi kuka ba. Ya dai dubi sarki da murmushi irin na da, ya buɗe baki ya ce, "Jadataudau..."

Fadawa suka ɗau salati, suna cewa ga shi har a gaban sarki yana karanta surkulle. Jatau kuwa ya gane sarai sunansa ne aka kira da zaurancen ƙuruciya. Amma kunya ta rufe shi, a ce sarki guda, da rawaninsa da alkyabbarsa, a kira sunansa gatsau da wasan yara a gaban hakimai. Ya kau da kai ya ce, "Ku fitar da shi. Kada rana ta sake fito masa a ƙasata."

Wani tsohon bafada ya yi ƙarfin hali ya tuna wa sarki kalmar alkawari. Malam Zangina ya ce, "Kalmar da magini ya iya riƙewa ba za ta gagari hisabi ba." Aka rufe bangon da labule, don ba wanda ya yarda ya sa hannu ya rushe shi. Barmo ya fita ta ƙofar yamma, da matarsa da 'yarsa ƙarama a kafaɗa.

Shekara ta bi shekara, kwanakin da Zangina ya ƙidaya suka wuce, sarki na nan daram. Ya gane an yi kuskure, amma girman kai rawanin tsiya ne, ya kasa aikawa. Kullum sai ya ce baɗi.

Rannan da hantsi, mata suka je ɗibar ruwa suka tarar marmaro ya tsaya cak. Farin dutsen ya tsage, Uwar Marmaro ta fito, doguwa ce kamar giginya, gashinta kore shar irin na gansakuka, muryarta kamar ana tuttula ruwa a tulu. Ta ce, "Ya kai Jatau, wa'adi ya cika. Na ba ku kwana arba'in da baki uku ku faɗi kalmar alkawari. In kun faɗi daidai, ruwanku ne. In baki na uku ya kuskure, ku nemi wata ƙasar."

Nan take sarki ya sa aka ɗaura wa raƙuma sirdi don a tafi neman Barmo. Ya ƙi aika manzo, ya ce bakin da ya yi kora shi zai yi biko. Ya tafi da ɗansa, Yarima Nagoma, suka bi ƙofar yamma. A kwana na tara suka shiga Dajin Amsa-kuwwa, inda aljanun itatuwa ke mayar wa matafiyi duk maganar da ya taɓa yi yake nadamarta. Yarima bai ji komai ba sai kukan tsuntsaye. Sarki kuwa, tun daga bakin dajin har ƙarshensa, wuni uku cur, kowane reshe yana ce masa da muryarsa, "Ku fitar da shi. Ku fitar da shi." Ya toshe kunne da jelar rawani, a banza, don ba daga waje maganar take shigowa ba.

Suna tafe suna tambaya har suka isa wani ƙauye da ake kira Tungar Duma, aka nuna musu wata rumfa inda wata budurwa ke zanen ƙwarya da wuƙa mai zafi. Ta dube su, ta dubi raƙuman, ba ta tashi ba.

Sarki ya ce, "Baiwar Allah, Barmo magini muke nema."

Ta ce, "Kun same shi. Ga shi can ƙarƙashin kanyar nan. Bara war haka muka kai shi. Ni ce 'yarsa, Yalwa. Kai kuma na san ka, ranka ya daɗe, ko ba a faɗa ba."

Bara! Shekara ashirin yana cewa baɗi, ashe da ya zo bara waccan da ya tarar da shi. Sarki ya sauka ya durƙusa gefen kabarin. Da ya taso ya gaya wa Yalwa halin da birni ke ciki, ya tambaye ta ko mahaifinta ya bar mata kalmar.

Ta ce, "Bai ba ni ba. Na tambaye shi yana jinya, ya ce bai fito da kayan kowa daga Zarnuwa ba, abin da kake nema ya bar maka a bango tun kafin ka kore shi. Zan bi ku, amma ba don kai ba. Don matan da ke tsaye da tuluna."

Suka komo birni saura kwana shida. Aka yaye labulen, zanen na nan kamar jiya aka gama shi. Malam Zangina, wanda yanzu tsufa ya ranƙwafar, ya tara almajiransa manya arba'in, suka zana hatimi, suka jera haruffan gida-gida, suka tara suka raba suka ninka, har suka fitar da wata lamba. Aka je bakin dutse aka faɗa. Uwar Marmaro ta girgiza kai, ruwan da ya rage a randunan gari ya ƙafe ƙaf.

Zangina ya sake shiga halwa wuni biyu, ya fito ya ce haruffan sunan wani babban aljani ne, a karanta su a haɗe. Ya tsaya bakin dutse ya ɗaga murya ya ce, "Zadmadshadtadrad!"

Uwar Marmaro ta kece da dariya har dutsen ya motsa. Ta ce, "Malam, wane ne kuma wannan? Ni dai a danginmu ba mu da shi." Kafin su juya, itatuwan birnin duka sun zubar da ganye.

Saura baki ɗaya, saura wuni ɗaya. Sarki na zaune a zaure yana kallon bango, malamai na ta musu, sai Yalwa ta matso ta nemi iznin magana.

Ta ce, "Allah ya gafarta malam, ni ban san hisabi ba, zane na sani. Amma na ga harafin nan mai lanƙwasa ya zo sau biyar, kuma kullum a tsakanin 'yan'uwansa yake, ko a bayansu. Mu a wajenmu, in alama ta yi ta maimaituwa haka, ciko muke ce mata. Ana sa ta ne don ta raba fure da fure. Ba a kallonta, tsallake ta ake yi."

Zangina ya zabura ya ce, "Tsallakewa? Yarinya, dal ce fa! Nauyinta huɗu. Shekara sittin ina wannan ilimi, ban taɓa jin inda aka zubar da harafi ba. Harafi ba ƙaiƙayi ba ne da za a sheƙe."

Ta ce, "To ai shekara ashirin ke nan kuna auna ƙaiƙayin tare da tsaba, malam."

Sarki bai ji sauran musun ba. Dal. Dal bayan kowane harafi. Ya tashi ya isa jikin bangon, ya ɗora yatsa a kan harafin farko, yana sa musu wasali a zuci kamar yadda suke yi a bayan allo suna yara. Zaira da dal, zodo. Mim da dal, mudu. Shin da dal, shada. Ta da dal, ra da dal, tada rede.

Zodo mudu shada tada rede.

Zo mu sha tare.

Sai ga Sarki Jatau, wanda hakimai goma sha biyu ke faɗuwa a gabansa, ya zame ya zauna daɓas a ƙasa, hawaye na bin gemunsa. Yanzu ya gane komai. Barmo ba shi da ɗa namiji da zai gada, ya ji tsoron kada kalmar ta mutu tare da shi, sai ya ɗauki sirrin da kakanninsa suka hana sarakuna, ya rubuta shi a inda kowa zai gani, da harshen da mutum ɗaya kaɗai a duniya zai iya karantawa. Amana mafi girma da yake da ita ya damƙa masa, shi kuwa ya saka masa da kora. Kuma ran nan a gaban fadawa, da ya bar shi ya ƙarasa magana, da numfashi biyu sun isa.

Bai gaya wa kowa abin da ya karanta ba. Ya karɓi ƙwarya daga hannun Yalwa, ya fita a ƙasa ba takalmi, cikin zafin azahar, jama'a na biye da shi har bakin dutse. Ya matsa kusa da aljanar, ya miƙa mata busasshiyar ƙwaryar, ya ce a hankali, "Zo mu sha tare."

Uwar Marmaro ta dube shi. Ta ce, "Haka kakan maginanku ya ce mini ran da ya same ni a nan, ƙishirwa na neman kashe shi. Bai ce ba ni ba, bai ce nawa ne ba." Ta taɓa ƙwaryar, ta cika fal. Ta kurɓa, ta miƙa masa, ya kurɓa. Dutsen ya yi ƙara, ruwa ya ɓalle da gudu, mata suka rangaɗa guɗa, yara suka faɗa ciki da rigunansu.

Bayan haka al'amuran Zarnuwa suka daidaita. Malam Zangina da kansa ya zo gaban Yalwa ya cire hularsa ya nemi gafara, sannan ya roƙi ta koya wa almajiransa karatun zane. Sarki ya gina makaranta a jikin zauren, inda ake koyar da hisabi da safe, zanen bango da na ƙwarya da yamma, ya kuma kafa doka cewa kada a ƙara hukunta mutum a kan rubutunsa sai an bar shi ya karanta da bakinsa. Ya mayar da kalmar alkawari gidan da ta fito, ya raɗa wa Yalwa ita a kunne, aka naɗa ta Magajiyar Magina. Yarima Nagoma, wanda tun a hanyar dawowa yake riƙe mata akalar raƙumi ba wanda ya sa shi, ya nemi aurenta. Ta ce sai ya iya zana ƙwarya guda ba tare da ya huda ta ba. Ya ɓata goma sha ɗaya, ta goma sha biyu ta karɓa. Aka yi biki na kwana bakwai, aka ci aka sha, har aljanun marmaro suka aiko da gudummawar kifi mai ƙayar azurfa.

Ran da za a kai amarya, sarki ya sa aka kira ta zaure don ya sa mata albarka. Da ya gama, sai ya yi mata tambayar da yake ɗauke da ita tun daga Tungar Duma.

Ya ce, "'Yata, don girman Allah ki gaya mini gaskiya. Ya yafe mini?"

Yalwa ta sunkuyar da kai cikin lulluɓinta. Tana iya yi masa ƙarya mai daɗi, amma ba haka aka tarbiyyantar da ita ba.

Ta ce, "Baba, ban sani ba. Bai taɓa zaginka ba, bai kuma taɓa ce mini ya yafe ba. Abin da na sani kawai, wani lokaci in yana aiki yakan yi magana shi kaɗai da wannan zaurancen naku, sai ya dakata kamar mai jiran amsa. Na sha roƙonsa ya koya mini, ya ce a'a, na mutum biyu ne."

'Yan rakiya suka kira ta daga waje, ta tashi ta tafi gidan mijinta cikin kiɗa da guɗa. Sarki Jatau ya yi shekara goma sha huɗu bayan wannan yana mulki da adalci, ruwa bai ƙara yankewa a Zarnuwa ba. Amma har ya koma ga Mahaliccinsa, ba wanda ya ƙara jin ya ce wa wani abu baɗi.