Wa Zai Ɗora wa Ɗan Dako?

Alhaji Maikwano, attajirin gyaɗa, ya ji 'yan dakonsa na shirin kafa ƙungiya, sai ya tara su.

"Daga yau kowa tasa ta fisshe shi! Wanda ya kama wa wani, na kore shi."

Washegari mota ta zo lodi, kowa ya tsaya gaban buhunsa.

"Me kuke jira?"

Nomau, babbansu, ya ce, "Ranka ya daɗe, buhu ba ya hawa kai sai an ɗora maka, ka kuwa hana. Ko kai za ka ɗora mana?"

Alhaji ya dubi buhunan, ya dubi sabuwar rigarsa.

"Ku kama wa juna mana!"

"Madalla," in ji Nomau. "Jama'a, ku shaida, Alhaji da bakinsa ya buɗe mana ƙungiya."